Abin da Baba Lado Ya Sa a Ƙirjinsa

Bayan Azahar kaɗan ne, ranar Alhamis, ana irin zafin nan na Doha mai gumi, wanda in ka leƙa waje sai ka ji kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Ina tsaye a ƙofar ɗakin tsofaffin takardu, a laburaren jami'ar da nake gadi, sai ga Dakta Sa'adiyya ta fito daga ciki, ko amsa gaisuwata ba ta yi ba.

"Nasidi, wa ya shiga ɗakin nan jiya bayan na tafi?"

Na ce, "Baba Lado ne kawai, Dakta. Ya yi shara ya fito. Lafiya?"

Ta ce, "Babu lafiya. Takarda ɗaya ta ɓata."

Dakta Sa'adiyya 'yar Zariya ce, malamar tarihi. Tun ranar da ta ji ina waya da Innata da Hausa muka saba, har in ta yi tuwo takan ƙunso mini. Aikinta a kan wani shugaban Amurka ne na zamanin da, Roosevelt na farko, wai su biyu ne masu sunan. Ni dai Rusbal nake ce masa, ta gaji da gyara mini ta ƙyale. Wata rana na tambaye ta, mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakana, ta yaya za a san abin da ya yi? Ta ajiye jakarta ta ce, "Ka san ganau da jiyau?" Na ce na sani mana. Ta ce to aikinta ke nan gaba ɗaya. Littattafan da aka rubuta daga baya jiyau ne, an ce, an ce. Ganau su ne wasiƙun da mutumin ya rubuta da hannunsa, da hotunansa, da muryarsa da aka naɗa a faifai, da jaridun da suka fito a ranar da abin ya faru. Ta ce amma ko ganau sai an yi masa tambayoyi, don wani ya gani da ido amma bai san dalili ba. Na ce to. A lokacin ban gane ƙarshen maganar ba.

Ranar Lahadi za a buɗe baje kolin irin waɗannan takardu. Wanda ya ɓata ɗin wani yankin jarida ne da bai fi tafin hannu biyu ba, na shekarar 1910, lokacin da Rusbal ya sauka daga mulki ya je Masar ya yi wani jawabi da ya ɓata wa mutanen ƙasar rai. Kuma ba na jami'a ba ne. Wani dattijon Balarabe mai tara kayan tarihi ne ya ba Dakta aro, a kan amana.

Shi kuwa Baba Lado mutumin Gumel ne, mai shara, ya kusa sittin. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Najma, shi a gadon ƙasa ni a na sama. Da na zo Doha shi ya nuna mini inda ake shiga mota da inda ake samun shinkafa mai arha. Ba shi da yawan magana. Abu ɗaya ake tsokanarsa da shi: ba ya tsallake rubutu a ƙasa. In muna tafiya a titi sai ka ga ya duƙa ya tsinci takarda ya kaɗe. Mansur direba, na ukunmu a ɗakin, yakan ce, "Baba, wannan fa tallan shawarma ne." Sai Baba ya ce, "Kai ka sani." Ya zura a riga, mu ci gaba.

Kafin a jima an kira mu ofishin mudir, wato shugaban laburaren. Oga Rafiu yana can, shi ne mai kula da masu gadi da masu shara na kamfaninmu. Bayarabe ne amma a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ranar Baba Lado yana hutu, don haka Oga Rafiu ya kira shi a waya ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baba Lado, jiya ka ɗauki jarida a ɗakin Dakta?"

"Wace jarida?"

"Jaridar shugaban Amurka. Tsohuwa."

Baba ya ce, "Ni? Me zan yi da jaridar Nasara, ni da ko sunana ban iya rubutawa da boko ba? Wallahi tallahi ban ɗau jaridar kowa ba. Rafi'u, da girmana za ka yi mini wannan tambayar?"

Baba ya kashe wayar. Na ji sanyi a raina, don Baba ba ya rantsuwa a banza.

Sai mudir ya ce a kunna kyamara.

Kyamarar daga bayan ɗakin take. Muka ga iskar esi ta ɗaga wata takarda daga tebur ta sauke ta a ƙasa. Can sai ga Baba da tsintsiyarsa mai dogon hannu, ya ba mu baya. Ya tsaya. Ya duƙa. Ya ɗauko abin ya daɗe yana dubawa, sannan ya buɗe maɓallin rigarsa ya zura a ƙirji, ya ci gaba da shara.

Dakta ta zauna a kujera. Oga Rafiu ya sake kiran wayar, a kashe. Haka Baba yake in ransa ya ɓaci, sai ya kashe waya ya juya wa duniya baya.

Mudir ya dube ni ya yi magana da Turanci, Oga Rafiu ya juya mini. Wai ni ne a ƙofa, me na gani?

Bakina ya bushe. Na tuna jiya da Baba zai fita, hannunsa na dama yana dafe da ƙirjinsa, har na ce, "Baba, ko ciwo ne?" Ya ce a'a. In na faɗa na ƙara masa nauyi. In na ɓoye na yi ƙarya, kuma ga kyamara. Na dubi Dakta, ta kawar da kai. Na ce, "Na gan shi ya fito yana dafe da ƙirji."

Mudir ya buga tebur da tafin hannu a hankali ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya ce in takardar ba ta dawo ba kafin Magariba, zai sanar da 'yan sanda da kamfanin da yake kafil ɗinmu, wato wanda ya tsaya mana muka shigo ƙasar. Kowa a cikinmu ya san ma'anar wannan. Mutum ya ɗauki abu, ya yi rantsuwa bai ɗauka ba, an gan shi. Jirgi ne zai mayar da shi gida, da sunan ɓarawo a goshi, kuma labarin zai riga shi isa Gumel.

Muka fito. Ni ne na ce na gani. Mutumin da ya yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, yau bakina ne ya ƙulle shi.

Dakta ta tsaya a baranda tana latsa wayarta. Ta ce, "Nasidi, kai ka san shi. Ko akwai wanda ya sa shi? Masu sayar da tsofaffin kaya a kasuwar Souq Waqif, ko wani?"

Na ce, "Dakta, Baba ko dabino ya tsinta sai ya yi cigiya."

"To me ya sa ya rantse?"

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ga hotonta. In ka je ɗakinku ka duba ko'ina, ko a kwandon shara ne."

Na karɓa. Takarda ce ja-ja-ja kamar an jiƙa ta da shayi, gefenta ya cinye. Na zuba mata ido. Na juya wayar, na sake juyawa.

"Dakta, wannan ai Larabci ne."

"Eh mana. Jaridar Masar ce."

"Ni na ɗauka da Turanci take. Tunda labarin Bature ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya. Na ce, "Shi ma jaridar shugaban Amurka aka tambaye shi. Baba bai ga jarida ba. Baba rubutun Larabci ya gani a ƙasa."

Dakta ta dafe kai. Ta ce, "Innā lillāhi. Kakata ma haka take yi. Ko takardar ƙosai ce, in da Larabci sai ta soke ta a azara." Ta ja hoton ya yi girma, ta nuna mini wani layi. Ni ma da ɗan karatun allona na gane sunan Allah a wurin.

Na fara murna, sai wani abu ya faɗo mini, murnar ta koma ciki. Baba yana tara takardunsa a saman kabad ɗinmu. Duk Alhamis bayan La'asar yakan zuba su a leda ya kai masallacin layinmu. A can akwai wani akwatin ƙarfe mai 'yar tsaga a sama, wanda ake jefa takardu masu sunan Allah da tsofaffin shafukan Alƙur'ani. Yana da kwaɗo. Wasu mutane ne suke zuwa da mota su kwashe, ban san ranarsu ba, ban san inda suke kaiwa ba. Na dai ji an ce ba a sake ganin abin da ya shiga.

Na gaya mata. Ta ce, "Yau wace rana?" Ta san amsar. Ta ce, "Yalla, muje."

Oga Rafiu ya ce zai tsaya mini a ƙofa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan Baba, in ka same shi ka ce masa ban kira shi ɓarawo ba. Tambaya na yi."

Dakta tana tuƙi, ni ina baya ina ta kiran wayar da na san a kashe take. Kowace danja sai ta tsayar da mu. Ina tunanin ledar Baba, yadda yake cusa takardu a ciki, da rasit mai maiƙo, da tallan wanki. Takardar da ta shekara ɗari da wani abu, wadda Dakta ba ta taɓawa sai ta wanke hannu. Ko an same ta, in ta yage fa? Mudir zai yarda da yagaggiya? Muna kan hanya aka kira La'asar. Na ji kiran sallar nan kamar ana kirana a kotu, Allah ya yafe mini.

Najma a cike take kamar kullum, motocin ɗaukar kaya, masu babur na kai abinci, warin shinkafar biryani da na mai. Dakta ta tsaya a bakin layi, don ba ta shiga gidan maza. Na hau bene da gudu. Mansur yana kwance da singileti yana kallon ƙwallo.

"Ina Baba?"

"Kai, ko sallama babu? An kore ka ne?"

Na taka gado na leƙa saman kabad. Wayam, sai ƙura.

Mansur ya ce, "Ya tafi kai wa Allah tallan shawarma. Tun ɗazu yake ta huci, wai an ce ya saci jarida. Na ce Baba, in sata za ka fara, ka fara da abin da ake ci mana."

Ban tsaya dariya ba.

Da muka isa masallaci an idar da salla, mutane suna fitowa suna neman takalmansu. Na hango Baba a gefe, tsaye gaban akwatin, leda a hannun hagu. Yana zaro takarda ɗaya-ɗaya, ya yi bisimilla, ya zura a tsagar. Ledar ta yi rabi.

"Baba! Baba, tsaya!"

Ya waiwayo, fuskarsa a ɗaure. "Kai ma aiko ka aka yi?"

Na durƙusa a kan tayil, zafinsa ya ratsa wandona. Na ce, "Baba, don Allah, jiya a ɗakin Dakta ka tsinci wani abu a ƙasa?"

"Na gaya wa Rafi'u ban ɗau jarida ba."

"Ba jarida ba. Rubutu."

"Aya na tsinta," in ji shi. "A ƙasa, a inda ake takawa. Mutane da digiri-digiri, a bar sunan Allah a ƙasa."

Dakta ta ƙaraso ta tsaya daga bakin dakali, ta rusuna. "Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata."

"Baba, ayar nan da ka tsinta, tana ina?" Idonta a kan tsagar akwatin yake.

Baba ya dube ta, ya dubi akwatin. Sannan ya ce, "Waccan ba ta akwati ba ce. Tsohuwa ce. Daga gani daga littafin wani babban malami ta fita. Irin wannan ba a haɗa ta da takardun zamani."

Ya miƙa mini ledar ya koma cikin masallaci. Ya fito da Alƙur'aninsa, wanda yake ajiyewa a kanta ta sama, cikin gafakar fata da ya zo da ita tun daga gida. Ya zauna a inuwa ya goge hannunsa a riga, ya buɗe. Ga ta nan a tsakiyar shafuka, a shimfiɗe, ko lanƙwasa ɗaya babu.

Dakta ta zauna a kan dakalin nan da kayanta masu tsada. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Baba ya ce, "Lafiya? Wace sura ce?"

Ta share ido ta ce, "Baba, ba sura ba ce. Ita ce jaridar. Wani ɗan Masar ne ya rubuta, yana yi wa shugaban Amurka faɗa."

"Da Larabci?"

"Da Larabci."

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Yanzu labarin Bature na kwana da shi a ƙirjina, na tashi da asuba na sa shi a cikin Yasin?" Ya yi tsaki a hankali. Can kuma ya ɗora yatsa kusa da layin nan, bai taɓa ba. "Amma wannan fa?"

"Sunan Allah ne, Baba."

"To," in ji shi.

Sai a lokacin na gaya masa zancen kyamara da Magariba, da abin da na faɗa a ofis. Ban iya kallonsa ba. Ya ce, "Ka ga na dafe ƙirji?" Na ce na gani. Ya ce, "To me za ka ce, ba ka gani ba?" Ya miƙe. Ya ɗaure gafakar. Ya ce, "Na rantse, kuma ga abu a hannuna. Wa zai yarda da ni?"

Dakta ta sa takardar tsakanin kwalaye biyu masu tsabta da ta zo da su. Ta dubi ledar da ke hannuna ta ce, "Nasidi, kar ka jefa sauran. Taho da ita."

Rana ta yi ja lokacin da muka koma laburare tare da Baba. Mudir ya duba takardar gaba da baya, ya yi ajiyar zuciya, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce abu ya dawo, madalla, sai dai mutumin ya ɗauka kuma ya musa. Ɓarawo ma in ya ji an gan shi yakan dawo da kaya.

Dakta ta yi masa magana da Larabci, a natse. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: kyamara ganau ce, amma ƙeyar mutum ta gani, ba ta ga abin da idonsa ya gani ba. Sannan ta karɓi ledar ta zazzage a kan teburinsa. Tallan shawarma, rasit ɗin kanti, takardar wani mai gyaran esi, ɓallen kalanda, marfin kwalin dabino. Duk an kaɗe su, an miƙar. Ta nuna ni ta ce wannan ɗakinsu ɗaya, a tambaye shi.

Wannan karon bakina bai bushe ba. Na ce tun da na zo ƙasar nan nake ganin Baba yana wannan, a titi, a tasha, a bakin kanti, ana yi masa dariya. Na ce ba ji na yi ba. Oga Rafiu ya juya maganata, na ji ya ƙara da wasu kalmomi nasa.

Mudir ya ɗauki tallan shawarmar ya juya shi. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta "in sha Allah". Ya dubi Baba. Ya ce wani abu a hankali, Dakta ta ce wai mahaifiyarsa ma haka take. Sannan ya ce daga yau duk abin da Baba ya tsinta a laburare, ko da wane rubutu ne, ya ɗora a kan tebur, kar ya fita da shi. Baba ya ce tebur ai sama ne, ya yarda. Mudir ya tattara takardun da hannunsa ya mayar a leda ya miƙa masa.

Aka kira Magariba muna saukowa. Dakta ta koma ta kulle takardarta a gilashi. Ni da Baba muka nufi ɗan masallacin ma'aikata da ke bayan ginin. Ya cire silifas ɗinsa a bakin famfo ya yi alwala ya shige, ledarsa a hammata. Na ga ruwan alwala yana gangarowa wajen silifas ɗin, na ɗauke su na ajiye a busasshen wuri, na juya bakinsu waje. Da aka sallame ya fito ya zura ƙafa, yana tambayata ko motar Najma ta wuce.